Ki sayar da kaya, 'yar'uwa, kada ki sayar da danginki

Duk gidan da ake jiran albashi a ƙasar nan ya san halin da ake ciki. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta dinga hawa har ta haura naira 1,000 kafin 2024 ta ƙare, kuɗin mota da na cefane suka bi bayanta. A watan Yulin 2024 aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, alhali a lokacin buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi haka tsada. Saboda haka ba na ganin laifin matar aure, ko bazawara, ko ƙaramin ma'aikacin da ya tashi neman ɗan abin ƙari daga cikin gidansa. Ni ma malamar firamare ce a Kano, kuma turaren wuta da humrar da nake haɗawa ran Asabar su ke biyan kuɗin Islamiyyar yarana, su sayi gawayi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a cikin wannan matsi an samu masu shigowa gidajenmu da sunan sana'ar cikin gida, su karɓe jarin mata su bar su da kwalaye.

Ana yawan yi mana magana kamar sayar da kaya daga ɗaka wani sabon ilimi ne da aka yo mana guzurinsa daga waje. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa zama a rumfar kasuwa ba, amma da kuɗin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. A auno mata gyaɗa, ta soya, a murje, a kai inji a markaɗo, ta zauna bakin turmi tana juyawa tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Tunkuzar kuma ta mulmula ta, ta soya ƙuli a cikin man. Ta san nawa ta zuba, ta san nawa ya fito, uwar kuɗi kuma tana cikin wani ƙulli daban da ba a kwance shi ko da baƙi aka yi. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta rubuta cewa ciniki mai yawa, har da na hatsi, a cikin gidaje yake gudana a hannun matan kulle. Mu a cikinsa muka tashi.

Sai kuma dillaliya. Takan shigo da hantsi da ƙunshi a ka, ta yi sallama, a shimfiɗa mata tabarma, ta kwance kaya: turmin atamfa da wata amarya ta ga ya yi mata yawa a lefe, tukwanen da wata ke son rabuwa da su don kuɗin asibiti, ɗankunne, mayafi. A yi tayi, ta ce albarka, a ƙara, ta ce bari ta je ta ji ta bakin mai kaya. In an sallama ta cire la'adarta, in ba a daidaita ba kaya ya koma gidan mai shi. Ba wanda ya taɓa ce wa dillaliya ta biya kuɗin rajista kafin ta fara yawo, ba wanda ya ce sai ta kawo wasu dillalai kafin a ba ta haƙƙinta. Kuɗinta daga aljihun mai saye yake fitowa, mai sayen da ya ga kaya, ya juya shi, ya ce yana so.

Su ma Turawa da haka suka fara. Kamfanin Avon ya samo asali ne a 1886 daga wani mai tallan littattafai gida-gida a Amurka, David McConnell, wanda ya lura matan gida sun fi murna da ɗan turaren da yake ba su kyauta a kan littattafan, sai ya koma harkar turare, ya ɗauki mata suna kai wa maƙwabta. A shekarun 1950 kamfanin Tupperware mai robobin ajiye abinci ya yi suna da tara mata a falon ɗaya daga cikinsu, a gwada roba, a saya. Wannan dillanci ne, ba ni da ja a kansa. Inda aka saki hanya shi ne da aka fito da tsarin biyan mutum kamasho a kan abin da waɗanda ya jawo suka saya, da na waɗanda su ma suka jawo, hawa-hawa har ƙasa. Shi ne 'yan birni ke kira netwokin, kuma shi ne ya cika mana ɗakunan taro na otal-otal da zaurukan WhatsApp.

Wata ƙanwar mijina ta taɓa jan na zuwa irin wannan taro. Cewa ta yi, "Anti, ki daure ki zo, bita ce kan lafiyar iyali." Lafiyar iyali ba ta ci lokaci ba. An ɗaga man goge haƙora, da shayin rage tumbi, da audugar mata da aka ce tana maganin sanyi, aka tafa, aka ajiye su gefe. Daga nan sai majigi: hoton wata Hajiya riƙe da makullin mota, hoton wasu a filin jirgi za su Dubai, hoton wani a Harami da ihirami, wai kamfani ne ya biya masa Umara. Wani matashi cikin kwat ya ɗauki alli ya zana da'ira ɗaya a sama, biyu a ƙarƙashinta, huɗu a ƙarƙashinsu, yana cewa ke dai ki kawo mutum biyu, su ma su kawo biyu-biyu, ki kwanta kina barci alat na shigowa. Da aka ba da damar tambaya na ce, "Malam, in ban kawo kowa ba, na tsaya kan sayar da kayan kawai, nawa zan samu a wata?" Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai wannan tunanin talaka ne." Ɗaki ya ɗauki dariya, aka wuce. Har aka tashi ba wanda ya faɗi ribar kwalba ɗaya.

Wannan tambayar ita ce ma'auni, kuma duk inda aka kauce mata to akwai dalili. Man goge haƙoran da ake nunawa ya ninka na kantin unguwa sau da yawa a farashi. Wace mata ce a Kurna ko Ɗorayi, da ke lissafin kuɗin cefane da yatsu, za ta bar na kanti ta sayi wannan wata bayan wata? Babu, sai 'yar'uwar da ta saya sau ɗaya don kunya. To in masu saye na gaskiya ba su da yawa, daga ina kuɗin mota da na Dubai suke fitowa? Daga kuɗin rajistar sababbin shiga, da kayan da ake tilasta wa kowane memba ya saya duk wata don kada makinsa ya zube. Wadda aka ce mata ita 'yar kasuwa ce, a gaskiya ita ce kwastoman kamfani.

Ƙanwar mijin nawa ta shiga. Ɗaukar adashenta ta zuba, ta ƙara da kuɗin zoben gwal. Bayan wani lokaci na je gidanta duba yaro, ta buɗe wadirob za ta ɗauko zani, sai na ga rabinta kwalaye ne jere, wasu ko ledarsu ba a yage ba. Na ɗauko ɗaya na juya, kwanan watan lalacewarsa ya kusa. Ta ce, "Anti, in ban saya ba a wata, matsayina zai faɗi, duk wahalar da na yi ta tafi a banza." Kayan sun yi kwantai, amma ba asarar kuɗin ce ta fi ba ni tausayi ba. Yarinyar da kowa ke son zuwanta ta zama wadda ake gudu. In ta kira waya a ƙi ɗauka, don an san maganar. A gidan suna, da zarar ta jawo jakarta sai hira ta mutu, wannan ta tashi duba tukunya, waccan ta tuna ba ta yi la'asar ba. Ƙawarta ta amana da ta jawo, wadda ita ma ta rasa kuɗin ɗinkinta, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu. An koya mata ta rubuta sunayen duk wanda ta sani, dangi da maƙwabta da 'yan ajinsu na Islamiyya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Zumuncin da iyaye suka shekara suna ginawa da ƙafa, shi aka mayar jari, kuma shi ya fara ƙarewa.

Masu wannan harka kan ce wanda bai samu ba ragwanci ne ya hana shi. A ɗauki biro a gwada. A ce kowa zai kawo mutum biyar. Hawa na farko mutum 5, na biyu 25, na uku 125. A hawa na goma an kusa miliyan 10. A na goma sha biyu ana buƙatar sama da mutum miliyan 244, wato a haɗa duk 'yan Nijeriya, jarirai da tsofaffi, a sa su sayar wa juna shayi. Kuma a kowane lokaci aka tsaya aka ƙirga, kusan huɗu cikin biyar na membobi suna hawa na ƙarshe ne, ba su da kowa a ƙarƙashinsu. Ba ƙoƙari ne ya gaza ba, mutane ne suka ƙare. Wanda ya shigo da wuri ya ci, kuma abin da ya ci kuɗin na bayansa ne.

A Amurka, inda tsarin ya fito, hukuma ta daɗe tana fama da shi. A 2016 hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar, FTC, ta sa kamfanin Herbalife ya biya dala miliyan 200 don a mayar wa masu rarraba kayansa da suka yi asara, ta kuma tilasta masa ya sauya tsari yadda biyan lada zai dogara da abin da aka sayar wa masu amfani da kaya na gaskiya. A 2024 hukumar ta duba takardun samun kuɗi na irin waɗannan kamfanoni 70, ta gano akasarin masu shiga dala 1,000 ko ƙasa da haka suke samu a shekara guda, sau da yawa ma ba a cire abin da suka kashe ba. Ƙasar Sin kuwa a 1998 ta haramta harkar gaba ɗaya, da ta sake buɗe ƙofa a 2005 sai ta yarda da sayar da kaya kai-tsaye amma ta hana biyan lada hawa-hawa. Wasu daga cikin kamfanonin da ke tara mu a otal daga can suka zo, suna yi a nan abin da dokar gidansu ba ta yarda da shi ba.

Ta fuskar addini ma an yi magana. A 2004 kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya haramta wannan tsari, ya ce kayan da ake nunawa fakewa ce, kamashon ake nema, kuma akwai garari da cin dukiyar mutane ta hanyar ɓarna a ciki. Har ya bambance shi da dillanci: dillali biyansa ake yi don ya sayar, shi kuwa ɗan netwokin shi ke biya. Akwai malaman da suka sassauta bisa sharuɗɗa, kuma kowa na da malamin da yake tambaya. Roƙona dai, in za a kai tambayar a kai ta cikakkiya, a faɗi kuɗin rajista, a faɗi sayen dole na wata-wata, kada a je a ce, "Allah gafarta Malam, ya halatta in sayar da sabulu?"

Ba ina cewa duk waɗannan kamfanoni MMM ba ne. MMM ba ta da kaya ko na nunawa, alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata kawai ta yi, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. CBEX ma haka ta watse da kuɗin jama'a a Afrilun 2025. Sabuwar dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu irin wannan damfara. Kamfanonin netwokin suna da kaya a hannu, wasu kayan ma masu kyau ne, kuma na san mata ƙalilan da ke da kwastomomi na dindindin masu hali, suna samun riba ta halal daga sayarwa kawai. Amma lambar rajistar CAC da ake ɗagawa a taro shaida ce kawai cewa kamfani ya yi rajista, ba ta ce za ki ci riba ba. Lambar NAFDAC a jikin kwalbar ƙarin lafiya ma ba ta ce tana warkar da ciwon suga ko hawan jini ba. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, domin mai neman cika makin wata takan faɗi abin da ba ta sani ba, dattijo ya ajiye maganin asibiti ya koma shan shayi. Asarar kuɗi ana mayarwa, wannan kuwa rai ne.

To me za a yi, tunda matsin na nan? Abin da iyayenmu suka yi, da kayan aikin zamani. Wayar da ke hannunki ta maye gurbin ƙunshin dillaliya. Na san matan da ke saro atamfa da leshi a Kantin Kwari, ko kayan masarufi a Singa, ko robobi a Ƙofar Wambai, su ɗauki hoto su sa a sitatus, a turo kuɗi ta OPay ko Moniepoint, ɗan sahu ya kai kaya, na nesa kuma a ba direba a tasha. Wasu ko jari ba su da shi: su daidaita da mai shago, su tallata, in an saya su ɗora ɗan abin da za su ɗora. Wasu yaji suke dakawa, wasu dambun nama, wasu zoɓo da kunun aya, wasu gyaran amare. Ribar ba ta sayen mota a shekara, amma taki ce, kin san daga inda ta fito, kuma ranar da kika gaji kika daina ba wanda zai ce matsayinki ya faɗi. Wani alherin wayar kuma, ta rage dalilin ɗora wa yarinya faranti a ka a tura ta tasha talla lokacin da 'yan'uwanta ke aji. Wannan aibi ne da tsohon tsarin namu ya daɗe da shi, kuma a matsayina na malama ina ganin kujerun da babu kowa a kai ranar kasuwa.

Ita ma wannan sana'ar tana da makashinta, kuma sunansa bashi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na 'yan'uwa shi ke karya mai ƙaramin jari. Yaya ta ɗauki turare sai ƙarshen wata, matar ƙani ta ɗauki humra sai an yi albashi, kishiyar maƙwabciya ta ce ai ba za ki hana ni ba. Ke kuma kunya ta hana ki tambaya. Kan ki farga kaya sun ƙare, kuɗi na gidajen mutane, ba abin komawa sari. Ni littafi nake da shi, ɗan ƙarami irin na 'yan makaranta, ina rubuta suna da kaya da rana a gaban mai ɗauka, kuma wadda ba ta biya na baya ba ba ta ɗaukar sabo, ko ita wace ce. Da fari an yi ta gunaguni, daga baya aka saba. Haka kuma kada kaya ya fita don an turo miki hoton rasit. Buɗe asusunki ki ga kuɗin da idonki, don alat na bogi ya yi yawa. Sannan a lissafa komai: data, kuɗin ɗan sahu, leda, kwalba, gawayi. Mata da yawa suna ganin kuɗi na shiga suna fita su ɗauka riba suke ci, alhali uwar kuɗi suke gutsura.

Ina da magana da magidanta a nan. Wasunku da zarar sun ga uwargida ta fara juya 'yan kuɗi sai su rage na cefane, su ce ai kina da shi, cika. Wasu su ranta su ƙi biya. Dukiyar mace tata ce a Musulunci, ciyarwa kuma a wuyanku take. In ta taimaka alheri ne ta yi, a gode mata. Sana'o'in mata da yawa ba kasuwa ce ta kashe su ba, tukunyar gidan ce ta cinye su. Kuma namijin da ya bar matarsa cikin ƙunci shi ya fara tura ta ɗakin taron masu zana da'ira.

Hukuma ma tana da aiki. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana iya wajabta wa duk kamfanin da ke ɗaukar masu rarraba kaya ya buga a fili, da Hausa da sauran harsunanmu, nawa membobinsa na Nijeriya suke samu a shekara, kashi nawa ne ba su samu komai ba, sannan ya karɓi kayan da suka yi kwantai ya mayar da kuɗi. Kamfanin da ya yarda da kayansa ba zai ji tsoron wannan ba. Gidajen rediyonmu da ke sayar wa waɗannan mutane fili suna kiran sunayen cututtuka su ma su ji tsoron Allah.

Kafin hukuma ta motsa, ke 'yar'uwa da aka gayyata taro ran Asabar mai zuwa, ki je in kina so, amma ki bar katin ATM ɗinki a gida. Ki tambaye su ribar kwalba ɗaya in ba ki kawo kowa ba. Ki tambaye su ko dole ne sayen wata-wata, ko kuma za su karɓi abin da bai shiga ba. Ki ce a rubuta miki amsar a takarda, ki tafi da ita gida ki kwana a kanta, ki nuna wa wata tsohuwar 'yar kasuwa a unguwarku. In suka ce damar ta yau ce kaɗai, ko suka ce tunanin talaka kike yi, ki ɗauki jakarki ki fito, kuɗin adashenki ki kai su Kwari.